Bangon 'Yardada

Madabo, cikin birnin Kano
20 ga Zulƙida

Abbana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka yi mini afuwa da na ɗora maka karatun takarda a kan aikin da ke gabanka. Na san waya ta fi sauƙi. To ni ce, da na ji muryarka sai bakina ya yi nauyi, in yi ta cewa to, to, har mu yi sallama ban faɗi abin da ya sa na kira ba. Sunan mahaifina gare ka, ga shi muryarka ma ta soma komawa irin tasa. Shi ya sa na zauna na rubuta, na ɗauki hoton takardar na turo.

Ina fatan kana lafiya, da Bahijja da yara. Yaya ƙafar tata, kumburin ya sauka? Mu nan alhamdu lillahi. Tarin da ka ji ina yi ran ta'aziyya ya yi sauƙi ƙwarai, sai ɗan abin da ba a rasa ba da safe. Yau kwana arba'in da biyar da rasuwar Malam, Allah Ya haskaka masa kabari. In da rai, sha biyar ga Safar zan fita takaba.

Jiya wani bawan Allah ya yi sallama, ya ce sunansa Nazeer, birkila ne, kai ka aiko shi a kan gyaran madafi. Ina daga ɗaki ina jin su suna awo. Ya ce za a sauke rufin ƙasar a sa kwano, a yi siminti da tayil, a jawo famfo, a kawo murhun gas. Abbana, sai da na yi hawaye. Ranar da Yaya, mahaifinka, ya rasu aka miƙo mini kai kana ɗan shekara huɗu, ban karɓe ka don wata rana a saka mini ba. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka masu yi maka.

Sai dai akwai 'yan abubuwa biyu da nake so ka sani. Ba hanawa nake yi ba.

Na farko, ka san halin mai takaba a unguwar nan. Ba na fita, kuma in maza na tsakar gida ba zan leƙo ba. Da so samu ne, da an jinkirta zuwa Safar. Amma wannan nawa ne ni kaɗai, zan iya.

Na biyu, bangon gabas. Ka tuna da shi, wanda murhu yake jingine a jikinsa, mai 'yar kafar nan da muke miƙa wa juna garwashi ni da Iya 'Yardada. To bangon nan ba namu ba ne mu kaɗai. Shi ne bayan ɗakin da take kwana, gadonta ma a jikinsa yake. Azarar madafinmu da ta ɗakinta duk a kansa suka ɗora kai. Ya tsufa, Abbana, ya girme ni. Malam kan ce wutar murhu ce take riƙe da shi a bushe. Don Allah a lallaɓa shi. Ga damina ta ƙarato, shekaranjiya har an yi yayyafi.

Ni dai ban san gini ba, kai ne injiniya. Duk yadda ka ga ya dace, daidai ne.

Ka gaishe mini da Bahijja, ka shafa mini kan yara.

Gwaggonka,
Murjanatu

*

Fatakwal
1 ga Yuni

Gwaggona,

Wa alaikumus salam. Wallahi na yi dariya da na ga takarda, har na nuna wa Bahijja na ce zo ki ga rubutun da ya koya mini baƙi. Muna lafiya, ƙafarta ta saɓe, tana gaishe ki. Allah Ya jiƙan Baba Malam.

Gwaggo, tarin nan da kika ce ya yi sauƙi, ni na ji shi da kunnena. Ran sadakar uku na shiga madafin nan ɗebo ruwa, na fito idona yana zuba. Rufin ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Shekara talatin kina shaƙar hayaƙin nan. Na tuna ina ƙarami ina tsugune ina hura miki wuta, ke kina cewa matsa kada ya shiga maka ido, alhali naki idon ya yi ja wur. A ranar na yi alkawari a raina.

Batun jinkiri, na san kara ce irin taki, ba kya son a wahala dominki. To ni burina ke nan a gama kafin Safar. Ranar fitar takaba gidan zai cika da mata, ina so kowa ya ga inda Gwaggona take girki. Nazeer ya ce mako uku ya ishe shi. Ki daure mini mako ukun nan.

Bangon kuwa, na gode da kika tuna mini. Tunda ya tsufa haka, na ce da Nazeer ya zare azarar ɓangarenmu, ya kankare tsohon yaɓen gaba ɗaya, sannan ya bi shi da siminti a manna tayil. Zai fi da kyau nesa ba kusa ba. Kafar garwashin za a toshe, tunda gas ba ya garwashi. Ki gaya wa matata 'Yardada kada ta yi fushi, ina nan tafe da turmin atamfa.

Bahijja ta zaɓi kabad mai ruwan madara. Kafinta yana haɗa su a nan daidai da awon da Nazeer ya turo, ko yatsa ba zai ragu ba. Bulo da kwano za su iso ran Asabar, da baro za a shigo da su tunda mota ba ta shiga lungun.

Tunda kin ce duk yadda na yi daidai ne, na ce su fara. Ki sa albarka kawai.

Ɗanki,
Abdulmuttalib

*

Madabo
16 ga Zulhajji

Abbana,

Assalamu alaikum. Barkanmu da Sallah, Allah Ya maimaita mana. Naman da ka sa aka kawo ya iso, na raba har gidan Alhaji Auwalu, wan Malam. Ina lafiya, sai ɗan ciwon baya na yawan zama. Ina fatan ku ma haka.

An fara aiki kamar yadda ka ce. Yanzu rayuwata ta koma ƙa'ida. Da na idar da asuba sai in hura kurfoti a bakin ƙofar ɗaki, in dafa abin da zan ci har dare. Ƙarfe takwas suna sallama, sai in ja butata da kwanon abinci in shige, in saki labule. Ba na sake ganin rana sai bayan la'asar. Ruwa ma kaɗan-kaɗan nake sha, ka gane. Na yi sauka ɗaya a cikin kwanakin nan, ladan na Malam. Ba ƙorafi nake ba. Gini dai na koye shi da kunne: na san ƙarar diga, na san ƙarar azara in an zare ta, wani irin nishi take kamar tsohuwa za ta miƙe.

Kwana huɗu suka yi suka sauke rufin, suka kankare bangon gabas har tubalin ya fito tsirara. Sai ga Sallah ta zo. Nazeer ya tafi garinsu, kwana tara. Kan bangon a buɗe, ramukan azarar nan guda bakwai suna kallon sama. Ran uku ga Sallah aka yi ruwa na sosai. Ina tsaye a ƙofar ɗaki ina gani yana shiga ramukan, bai fito ba.

Washegari da hantsi na ji ana kira ta kafar garwashi, don ba a kai ga toshe ta ba tukuna.

“Amarya! Ke Amarya!”

Ka san ta, shekara talatin da kawo ni gidan nan, har yau Amarya nake. Na ce, “Na'am Iya, ina kwana?”

Ta ce, “Ban kwana ba. Me kuke yi mini a baya ne, rijiya kuke haƙa? Bangona yana gumi. Na shafa na ji sanyi kamar randa.”

Na ce Abbana ne yake gyara mini madafi. Ta ce, “Mijin nan nawa na cikin ruwa? To ki gaya masa shi ya zaɓi zama a teku, ni ban ce ya aiko mini da ita ɗaki ba.” Ta yi dariya, na taya ta. Sannan ta rage murya ta ce akwai wata tsaga da ta fito sama da gadonta, tana sa ɗan yatsanta a ciki.

Jiya da Nazeer ya dawo na yi masa magana ta bayan labule. Ya ce kada in damu, da ya watsa siminti shi ke nan. Na ce ai na ji magina na da suna cewa jiƙaƙƙen bango ba a rufe shi da siminti, ruɓewa yake ta ciki. Ya ce, “Hajiya, wancan aikin mutanen da ne.” Ban ja ba. Yaro ne mai ladabi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, kuma ba cewa nake bai iya aikinsa ba. Amma gaskiya, Abbana, raina bai kwanta da yadda aka tafi aka bar bangon nan ba. Haƙƙin maƙwabci abu ne mai nauyi, kai ma ka karanta. In da hali a dube shi tun da wuri.

Ba na son in matsa maka. Na san kana shirin komawa teku.

Gwaggonka,
Murjanatu

*

Fatakwal, bakin jirgi
25 ga Yuni

Gwaggo,

Salam. A tsaye nake rubutun nan, ana kiran sunaye. Sai yanzu na buɗe takardarki, kwana uku muna horo, ki yi haƙuri. Muna lafiya.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na san ki, kafin ki ce ranki bai kwanta da aikin mutum ba, to ɓarnar ta kai ɓarna. Kina kare shi ne kawai. Kwana tara ya tafi ya bar aiki, sannan ya dawo yana mayar miki da magana? Na kira shi yanzu na wanke shi tas. Na ce ya tattara kayan aikinsa, kada ya kuma taɓa ko tsinke a gidan nan sai na zo na gani da idona. In ya taɓa, babu shi babu aikina, har na Kaduna da na yi masa alkawari.

Kin ga kin huta da zaman ɗaki ke nan. Ki fito tsakar gida ki sha iska.

Bulo da siminti da kwanon da ke soro, amana na bar miki. Kada ki bari kowa ya ɗauki ko ɗaya, ko wa ya ce ni na aiko shi. Na san halin mutane in sun ga kaya a gidan da babu namiji.

Kwana ashirin da takwas zan yi, ƙa'idar jirgin nan babu sabis sai mun dawo tudu. Ran 23 ga Yuli zan sauka, in sha Allah washegari ina Kano. Tsagar 'Yardada a liƙa mata ƙasa kafin in zo. Bangon da ya shekara sittin ba zai kasa wata ɗaya ba.

Ki sa ni a addu'a.

Abdulmuttalib

*

Madabo
4 ga Muharram

Abbana,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka ga wannan ba sai ka sauka. Na kira layinka sau biyu duk da haka, na kira Bahijja, ta ce ita ma ba ta samunka, kuma ba za ta iya warware maganar da ka ƙulla ba. Gaskiyarta. Ina rubutawa ne don in na yi shiru ƙirjina zafi yake. Lafiyata ƙalau. Allah Ya tsare ka a kan ruwan nan.

Ba haka na nufa ba, Abbana. Ban ce a kori Nazeer ba. Cewa na yi a rufe bangon. Na ɗauko takardar da na rubuta na karanta ta sau uku, na ga ashe ban ce hakan ba. Na yi ta kewaye-kewaye ne kamar mai neman ƙofa a gidan da ba ta sani ba. Laifina ne.

Tun tafiyarka an yi ruwa sau biyar. Na hau turmi na shimfiɗa tsofaffin tabarmi da leda a kan bangon, na danne da duwatsu, iska ta kwashe. Da na dafa shi don in sauko, hannuna ya nutse a ciki kamar tuwon da bai huce ba.

Na aika aka kira Nazeer. Ya tsaya a soro, ina bayan ƙyaure. Na roƙe shi ya ɗora kwano biyu kacal a kan bangon. Ya ce, “Hajiya, wallahi da kwanona ne da na ɗora. Oga ya ce ko tsinke. Kuma in na hau bangon nan ya zube a ƙarƙashina, wa za a ce ya kayar? Ina da iyali.” Na ce haka ne, Allah Ya huci zuciyarsa a kan faɗan da na jawo masa.

Na aika wa Alhaji Auwalu. Ya zo bayan sallar Juma'a, ya leƙa, ya ce lallai bango ya sha ruwa. Sannan ya ce, “Murja, abin da ya fi damuna, an ce ana jin muryarki da birkila a soro. Mai takaba ce ke. Ki riƙe carbinki, ki bar wa maza harkar gini.” Na ce to waɗanne mazan, Alhaji? A zuci na faɗa. A fili cewa na yi, to. Ya ce zai yi wa mai unguwa magana. Yau kwana biyar.

Mubarak, jikan 'Yardada da ke kula da ita, yana Legas wajen lodin kaya, ya ce sai ƙarshen wata. 'Yan hayar gidansu kuwa kowa ya fita nema tun safe. Don haka na koma kan ita kanta. Na durƙusa a bakin kafar na ce, “Iya, don girman Allah ki koma ɗakin soro ki kwana biyu.”

Ta ce, “Wurin awaki?”

Na ce, “To ki taho wurina.”

Ta ce, “In taho gidan takaba in sa ki kuka, ki sa ni? A ɗakin nan na haifi tara, na wanke gawar miji. Bangon nan ya san ni. Kuma ke Amarya, in mutuwa ta zo, kin taɓa jin an ce ta tsaya neman adireshi?”

Na ce, “Ko gadon a ja shi gefe.”

Ta ce, “Wa zai ja? Ke da ba kya fita, ko ni da ba na miƙewa?”

Yanzu hannunta ne yake shiga tsagar, ba yatsa ba.

Ka ce in fito tsakar gida in sha iska. Na fito. Ina zaune tsakanin tulin yashi da tulin ƙasa, bulo ɗari biyu a jere a soro, kwano a jingine, duk abin da bangon nan yake bukata yana gabana, kuma amana ne. Kullum da azahar in na ga gabas ta soma haɗe rai sai in tashi in je in duba bangon. Ban taɓa zaton zan ji tsoron rahamar Allah ba. Astagfirullah.

Gwaggonka

*

Madabo
16 ga Muharram

Abbana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gobe za ka sauka in Allah Ya so, kuma wannan ce nake so ka fara buɗewa. Kowa lafiya, ba a rasa rai ba, ba a ji ciwo ba. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta ka karanta sauran a zaune. Kuma kada ka nemi kara a cikin takardar nan. Ban sa ba.

Bangon ya faɗi ran Talata, goma ga wata.

Ina azumi ranar. Bayan azahar hadari ya haɗo, aka tsuge da ruwa. Ina tsaye a ƙofar ɗaki na ga wani ɓangare daga sama ya sulale ya faɗo cikin madafi, a hankali, ba ƙara. Na ruga bakin kafar na yi ta kira, Iya, Iya. Ta amsa daga kan gado, wai in ƙyale ta tana ƙailula. Ƙasa tana zubo mini a ka.

Ka san bayanmu ɗaya da su amma ƙofa ba ɗaya ba. Kafin ka kai gidansu sai ka fita lungunmu, ka bi ta gaban masallaci, ka karya kwana wajen mai nika. Na zari mayafi na fita. Wata uku ke nan ƙafata ba ta taka waje ba. Maza sun cika rumfar masallaci suna fakewa, har da Alhaji Auwalu. Na ji ya ce, “Subhanallahi, Murja!” Ban tsaya ba. Na ce, “Ku biyo ni, bango zai danne Iya.” Ban san ina da murya irin wannan ba.

Na same ta a kishingiɗe, ruwa yana bin bango har kan katifa. Na ce tashi. Ta ce, “Amarya, ke ce a waje? Lallai duniya ta zo ƙarshe.” Na juya na durƙusa na goya ta. Ba ta fi ka nauyi ba lokacin da aka kawo mini kai. Tana dukan kafaɗata tana cewa in sauke ta, goronta na ƙarƙashin filo. Mun kai tsakar gidansu, mutane suna shigowa, sai muka ji shi. Gadon nan ba a gan shi ba sai washegari da aka tone.

Tana ɗakina yanzu. A kan gadona take kwana, ni ina tabarma. Ta ce miyata ba gishiri, ta ce carbina yana hana ta barci. Ba ta ƙara maganar ɗakinta ba, sai dai ina ganinta tana leƙen wurin ta labule in ta ɗauka ba na kallo.

Fitar da na yi ana ta magana a kanta a unguwa. Wasu sun ce sai in sake takabar daga farko. Wannan bai dame ni ba, na karanta, na san inda shari'a ta tsaya, ceton rai ba ya jiran Safar. Abin da ya hana ni sukuni daban ne, kuma ba wanda ya gan shi a matsayin laifi sai ni.

Na taɓa amanarka.

Da bangon ya tafi, azarar ɗakinta ta rage a rataye ba abin da ya tallafe ta. Kowa ya duba ya ce in ta sauka za ta ja bangon kudu, shi kuwa yana haɗe da ɗakin da muke ciki. Na sa aka kira Nazeer. A wannan karon ban tsaya bayan ƙyaure ba. Na ce ya ɗebi bulo da siminti ya tayar da bango. Ya ce, “Hajiya, aikina za ki ci.” Na ce, “Ni na goyi mai kayan. Zan rubuta da hannuna cewa ni na sa ka, ka ɗauki hoto ka ajiye.” Sai ya tuɓe riga. Kwana huɗu ya yi, shi da mutum biyu, har cikin yayyafi. Don Allah kada ka hana shi aikin Kaduna. In hukunci ne, ni ce.

Bulon ya tafi kusan duka. Kuma akwai wani abu. Gindin tsohon bangon ya ruɓe, ba a iya ɗora sabo a kansa, dole aka matso. Nazeer ya tambaye ni ta wane ɓangare za a ci, nata ko namu. Na ce namu. Madafin ya ragu da kamu ɗaya da rabi. Kabad ɗin da Bahijja ta zaɓa, da aka haɗa daidai da awo, ba za su shiga ba. Na san da haka lokacin da na faɗa. Ka ba ta haƙuri, ni ma zan ba ta da bakina.

Ka so ka fitar da ni daga hayaƙi, na sani, kuma har in mutu ba zan daina sa maka albarka a kan niyyar nan ba. Amma da tun a takardar farko na ce maka a'a, a bari sai rani, da tsohuwar nan tana ɗakinta. Ban iya ba. Na ga sunan Baba a kanka na kasa. To yau ga shi na faɗa: ba na son a ci gaba da aikin madafi sai ɗakin 'Yardada ya samu rufi. Kurfoti ya ishe ni.

Abu biyu nake roƙo. Ka yafe mini bulon, ka faɗa da kalma, kada ka ce ai ba komai Gwaggo, don ni a wurina komai ne. Sai kwano. Yana nan a soro, ashirin da huɗu, ban taɓa ko ɗaya ba. Bango larura ne, na yi. Rufi kuwa, tunda tana nan a wurina a bushe, ba ni da hujjar ɗauka sai da izininka. Nazeer ya ce goma sha biyu sun isa, kuma yini ɗaya ne aikin. Kowace safiya yana zuwa ya tsaya a soro ya ce, “Hajiya, Oga ya yi magana?” Sauran rufin ƙasar nata yana shan ruwa, ban san kwana nawa zai ƙara ba.

Kada ka jira sai ka iso Kano. Da ƙafarka ta taka tudu, ka amsa mini.

Gwaggonka,
Murjanatu